Ba Laifin Ashirin da Bakwai Ba Ne

Kowa ya ɗauka biyana ake yi in kalli ƙwallo. Haka Mama ta faɗa wa matan zumunta a coci, haka maƙwabtanmu na unguwar Jama'a suka yi ta yaɗawa, har yau ƙannen ƙawayena suna tare ni a bakin titi: "Anti Hannatu, ki samo mana irin aikin nan naki, na zama a kalli wasa." To ku buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. A shekara huɗun da na yi ina aikin nan, abin da aka fi hana ni kallo shi ne ƙwallon.

Kuma ba ƙwallon da kuka sani ba ne. Na Amurka ne, mai siffar gwanda, wanda ake runguma a hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano. Mutum goma sha ɗaya suna neman wucewa da shi, goma sha ɗaya suna tare su. Za a jeru, a saki ƙwallo, a yi 'yan daƙiƙu ana gwabzawa, a tsaya, a sake jeruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan muna ce masa tashi. Wani kamfani a can yake turo wa Oga Emeka hotunan wasannin, an yanka su tashi-tashi, an ɗauko daga sama yadda za ka ga kowa a fili. Oga Emeka mai shagon waya ne a unguwar PZ, shi ya samo kwangilar, ya kama ɗaki a saman wani shagon buga takardu a Samaru, ya zuba kwamfuta takwas da janareta. Aikinmu mu faɗi abin da masu tsaro suka yi a kowane tashi: mutum nawa suka tsaya gaba, nawa suka ja baya, nawa suka afka wa mai jifan ƙwallon, wa ya bi wa. Masu kai hari ba ruwanmu da su, wani ofis aka ba.

A shagon ƙasa nake buga takardu bayan na gama sakandare. Oga ya sauko wata rana, ya tsaya yana kallon yatsuna, ya ce, "Ke, kin san ƙwallo?" Na ce ban sani ba, ba na kuma so in sani. Ya ce, "Hau sama gobe."

Mu takwas muka fara, ni kaɗai mace. Wanda ya koya mana Baba Bitrus ne, tsohon malamin wasanni ɗan Kudancin Kaduna da ya yi ritaya, ya zauna wata da watanni da littafin da kamfanin ya aiko har ya haddace shi. Ranar farko ya shigo da kwalin taliya da almakashi. Ya yanka, ya manne wa kowa a fuskar kwamfuta, ya rufe gefen da ƙwallo yake. Abin da ya rage mana mu gani shi ne mutum biyu ko ɗaya da ke tsaye can baya su kaɗai, kamar waɗanda aka manta da su. Sannan ya bi ya zare wayar lasifika ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu.

Sadik, wani dogo da ya baro jami'a a aji biyu, ya ce, "Haba Baba, ni fa tun ina firamare nake kallon ƙwallo."

"Shi ne ciwonka," in ji Baba Bitrus. "Idonka ya saba bin ƙwallo kamar akuya da mai dusa. Wannan yarinyar da ba ta san komai ba za ta riga ka warkewa."

Mako biyu muka yi da kwali. Na tsane shi, na faɗa masa na tsane shi. Ya ce, "Madalla, 'yata. Mutum nawa ne a baya?"

Ga dalilin. Masu tsaro kashi huɗu ne. Akwai ƙattin gaba masu ture-ture, akwai 'yan tsakiya a bayansu, akwai 'yan gefe biyu masu gudu da ke tare masu cafe ƙwallo, sai masu gadin baya. Waɗannan na bayan su ne ke tona asirin tsarin gaba ɗaya. In biyu ne suka raba bayan fili gida biyu, ka san abin da na gefe zai yi. In ɗaya ne a tsakiya, lissafin ya sauya. Kuma tsaro iri biyu ne kawai a duniya, komai yawan sunayen da ke cikin littafin: ko ka bi mutum duk inda ya je, ko ka tsare wuri ka jira wanda zai shigo. Da na yi wa Babanmu wannan bayani, shi da ya shekara ashirin yana gadi a wata masana'anta a Chikaji, sai ya ajiye cokali ya ce, "Wannan ai gadi ne. Har Turawa ke biyan kuɗi a gaya musu wannan?"

Yadda ake bambancewa kuwa, ƙugu ake kallo. Mai bin mutum yana juya wa mai jifa baya, idonsa a kan wanda yake bi. Mai tsare wuri ƙugunsa a buɗe yake zuwa ciki, yana ja da baya yana kallon mai jifa. Faɗa da sauƙi. Ku zo ku gano shi a jikin mutumin da tsawonsa a kwamfuta bai kai ƙwayar gyaɗa ba, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, alhali an koya masa ya yaudare ku.

Akwai wani tashi da ya cinye mini safiya guda a shekarata ta farko. Kafin a saki ƙwallo mutum biyu ne a baya, kowa ya gani. Sadik ya leƙo ya ce, "Biyu ne, danna ki wuce, kina ɓata mana lokaci." Amma ƙafar hagun ɗayansu ba ta kwanta mini ba. Dunduniyarsa a ɗage take, kamar mai shirin tsallaka kwata. Na mayar baya, na tafi a hankali, hoto ɗaya bayan ɗaya, da ɗan maɓallin nan da fentinsa ya goge saboda dannawa. Ana sakin ƙwallo sai ya faɗo gaba, ɗan'uwansa ya zame tsakiya. Ashe ɗaya ne a baya, biyun shigar burtu ce. NEPA ta ɗauke wuta ina tsaka, na jira aka tada janareta, na sake dubawa sau shida kafin in rubuta.

Akwai wata mata a kamfanin da ke duba aikinmu. Ba mu taɓa ganin fuskarta ba, ba mu taɓa jin muryarta ba, gyaranta kawai ke dawowa da jan rubutu duk ranar Alhamis. Muka sa mata Gwaggo. In Gwaggo ta yi shiru a kan layinka, to ka ci. A kan wannan tashin ba ta yi shiru ba. Ta rubuta da ja: daidai ne, a ci gaba da kallon ƙafa. Baba Bitrus ya karanta wa kowa da ƙarfi, ya aika aka sayo mini ƙosai da kunun gyaɗa a bakin titi. Sadik ya ci rabi.

Haka muka yi shekara uku. Lokacin wasanninsu yana kamawa daga ƙarshen damina zuwa bayan Kirsimeti, to a watannin nan ranar Litinin da Talata ba mai ɗaga kai. Ƙarfe bakwai da rabi ina kan matakala. Ɗakin yana warin fetur da lemon zaƙin da Baba Bitrus ke ɓarewa. Babu hira sai ƙarar maɓallai, sai can wani ya ce, "Ku zo ku ga rubdugu!" mu taru a bayansa mu ga mutum shida sun afka wa mai jifa, mu yi ihu, Baba ya ce, "Wa ya tsare bayan da suka bari?" kowa ya koma kujerarsa. Na san tafiyar mutanen da ban san sunansu ba. Lamba kawai muke rubutawa, amma ko an rufe lambar ina gane wasu daga yadda suke ja da baya. Ina da littafi mai bangon kore da nake zana abin da ba a tambaye mu ba, don kawai ya dame ni.

Sai shekarar da ta lalace. Kamfanin ya aiko cewa na'ura ta koyi aikin. Daga alamomin da muka yi ta dannawa ta koya, yanzu tana yin na mako guda kafin a tafasa shayi. Abin da ya rage wa mutum shi ne bayani: a kalli ƙungiya guda, a rubuta me ke damun tsaronta da dalili. Suka ce za su gwada mu da ƙungiya ɗaya, mako biyu. In rahoton ya yi, ofis ya ci gaba. In bai yi ba, a kulle. A daidai makon aka kwantar da Baba Bitrus za a cire masa yanar ido.

Ƙungiyar masu shuɗiyar riga ce. A farkon kakar wasa ba a iya wuce su, daga tsakiya kuma sai suka zama ƙofar kasuwa. Duk dogon jifa a gefen hagu yake sauka, kuma duk lokacin da ya sauka za ka ga yaro mai lamba ashirin da bakwai, ɗan gefe, sabon shiga, yana bin mai cafewa da taku biyu a baya, hannu a miƙe. Da Baba ba ya nan, Sadik ya dawo da lasifika. Masu sharhi kuwa bakinsu ɗaya: yaron nan ba ya iyawa, a cire shi. Cikin kwana uku Sadik ya gama rahotonsa, da Turanci mai kyau, don ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba.

Ni na samo kwali na manne.

Na ware duk tashin da aka ci su ta hagu, na kalli baya kawai. A yawancinsu mutum biyu ne a baya, kuma ƙugun ashirin da bakwai a buɗe yake zuwa ciki. Wato wuri aka ba shi, ba mutum ba. A wannan tsarin aikinsa ya bangaji mai cafewa, ya raka shi 'yan taku, ya sake shi ga mai gadin baya, shi ya tsaya ya tsare kusa. Haka yake yi, daidai kamar a littafi. Sai ya waiga ya ga babu kowa a bayan. Shi ne yake juyawa ya bi da gudu don ya ceci abin da ba nasa ba, ƙwallo ya sauka shi ne mafi kusa, hoto ya kama shi.

To ina mai gadin bayan? Yana gaba, taku uku ko huɗu daga inda ya kamata. Na koma wasannin farkon kaka, ba ya yin haka. Na bi mako-mako har na samo inda ya fara: makon da wani ƙato mai lamba casa'in da biyu, wanda ke toshe tsakiyar gaba shi kaɗai kamar buhun masara a bakin ƙofa, ya ji ciwo aka fitar da shi. Tun daga ranar masu ruga da ƙwallo suka riƙa ratsa tsakiya, sai mai gadin baya ya fara satar taku zuwa gaba don ya taimaka. Abokan karawa suka gane. Su yi kamar za su miƙa wa mai gudu, mai gadin ya taho, su jefa ta kansa. Ciwon yana tsakiya, ƙaiƙayin yana gefe. Na cika shafi goma sha tara na koren littafina da zane, ban rubuta rahoto ko layi ɗaya ba.

Ranar Juma'a Oga Emeka ya zo daga PZ, ya zauna a kujerar Baba, duk muna tsaye. Sadik ya karanta nasa. Oga ya gyaɗa kai ya ce, "Ni ma haka na ji suna faɗa. Hannatu, ke fa?"

Na ce, "Aikin aku ne wannan. Abin da ya ji a lasifika ya juye."

Sadik ya ce, "Ke dai baƙin ciki kike yi. Ina naki rahoton?"

Na ɗaga littafin. Oga ya karɓa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ga da'ira da kibiyoyi. Ya ce, "Abeg, 'yar'uwa, zauna ki nuna mini. A nan ina ƙwallon yake?"

Tambaya ce ta gaskiya. Mutumin yana neman a nuna masa ne. Ni kuwa na yi kwana tara ina fama, kuma tambayar da aka shekara uku ana hana mu yi ita ya yi. Na ce, "Oga, kai waya ka sani. Ka bar waɗanda suka san aiki su yi magana."

A gaban yaransa bakwai na faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya rufe littafin, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Madam." Na karɓa na sauka matakala. Ba wanda ya kore ni, ni na tafi, ina jiran a biyo ni. Aka tura na Sadik.

Amsar Gwaggo ba ta kai layi uku ba. Sadik ne ya gaya mini daga baya: ta ce wannan suna iya jin sa a talabijin kyauta. Kafin Ista aka kwashe kwamfutocin.

Kun ga abin da nake so ku gane, ku masu cewa aikin zama ne. Gani rabin sana'ar ne. Na iya wannan rabin fiye da kowa a ɗakin, ba yabon kai ba ne, Baba Bitrus ya faɗa. Da idonsa ya warke na kai masa littafin gida, ya sa tabarau ya bi shafi-shafi da yatsa har ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Kin gani daidai, 'yata. Wa kika nuna wa?" Na ce ai Oga ba zai gane ba. Ya ce, "Ke da kika zo kin gane? Mako biyu na yi ina tambayarki abu ɗaya." Matarsa ta kawo ruwa, na sha, na yi sallama.

Yanzu ina tsare wa wata mata shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Aikin ba laifi. Ɗakinmu na Samaru tela ne a ciki, in na wuce a keke-napep ina jin ƙarar kekensa ta tagar da nake zama kusa da ita. Ranar Litinin har yanzu ƙarfe shida nake farkawa ba dalili. Wani lokaci ina tsaye a bakin shago sai in kama kaina ina karanta 'yan dako da masu gadin layi: wannan wuri yake tsarewa, wancan mutum yake bi, ga rami a bayansu ba wanda ya lura. Ba wanda zan gaya wa. Da na gwada gaya wa mai shagon sai ta ce, "Hannatu, ki lura da yadin da ke hannunki."

Makon jiya Sadik ya shigo layinmu. Yanzu a shagon Oga yake, yana gyaran waya. Ya ce, "Hajiyar tsaro, ana ganinku?"

Na ce, "Aku, me ya kawo ka?"

Ya yi dariya, ya zaro waya, ya ce in duba. Wani ɗan gefe ne cikin farar riga, da wata lamba daban. Ana sakin ƙwallo na gane ja da bayansa, yaron nan ashirin da bakwai ne. Masu shuɗi sun sallame shi a ƙarshen waccan kakar, wata ƙungiya ta ɗauka. Ya bangaji mutuminsa, ya raka shi, ya sake shi, wannan karon akwai mutum a baya. Mai jifa ya rasa inda zai kai, ya jefo gajere, yaron ya yi tsalle ya cafe. Na ce Sadik ya mayar. Ya mayar sau huɗu, mai shago tana harararmu.

"Ke kika yi gaskiya," in ji shi. "Na daɗe ina so in faɗa, girman kai ya hana."

"Gaskiyar da ta kulle ofis."

"Bakinki ya kulle ofis, da kunnena. Mu raba." Ya mayar da wayar aljihu. "Ba wannan ya kawo ni ba. Kamfanin sun sake buɗe gwaji, wannan karon mutum ɗaya-ɗaya suke nema, daga gida ma ana iya yi. Sharaɗinsu takardar shaida daga wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ƙarshen wata za a rufe."

"Baba Bitrus zai rubuta mini."

"Sunan Oga ne a kwangilar. Tasa suke so."

"Ya san ka zo?"

"Bai aiko ni ba. Bai kuma hana ni ba." Ya ɗaga wata atamfa ya duba, ya ajiye. "Ni ba zan shiga ba, na san iyakata. In kin rubuta ki kawo in gyara miki Turancin. Turancin kawai."

Shekara ɗaya da rabi ke nan ban taka shagon Oga Emeka ba. In hanya ta biyo da ni PZ, tsallakawa nake yi ɗaya hannun. Na yi kwana uku ina neman wata dabara, har na fara tsara saƙon waya, na goge. Abin da aka faɗa a gaban mutane ba a gyara shi a waya.

Na roƙi mai shago ta ba ni ranar Litinin. Zan je da safe, lokacin da yaran shagonsa duk suna nan, in durƙusa in gaishe shi, in ba shi haƙuri da ƙarfi yadda na ƙarshen kanta zai ji. A kan bakina zan ba shi haƙuri, idona bai yi masa laifi ba. Ba zan fara da maganar takarda ba. Zan ce ya ba ni kujera da awa ɗaya, in buɗe koren littafin daga shafin farko, in nuna masa abin da ya nemi in nuna masa. In ya tambaye ni ina ƙwallon yake, zan sa yatsa in ce ga shi nan, Oga. In ya sake tambaya, in sake nunawa. Takardar kuma, ya rubuta ko kada ya rubuta, sai mun kai shafi na goma sha tara zan roƙa.